Kantiliba a cikin ruwa: me ya sa layin ke gangarawa, kuma wane irin gurbi ake buƙata?

Kantiliba ɗan siririn harshe ne na silikon, gindinsa a kafe, bakinsa a sake, ana amfani da shi wajen gano ƙwayoyi. Tambayar ta fito ne daga wata ɗaliba haifaffiyar Makka da ke digiri na biyu a Jidda. Ga abin da ta rubuto: "Assalamu alaikum Yaya. Malamin da ke duba aikina ya ba ni guntayen silikon masu kantiliba takwas-takwas, yana so mu gano antibodin cutar MERS (furotin da jiki ke samarwa don yaƙar wannan cutar numfashi) a ruwan jinin raƙuma. A iska komai lafiya lau. Da na zuba ruwan bafa (ruwan gishirin gwaji da ke hana tsami canzawa) sai karkarwar ta ɓace, layin lanƙwasa kuma ya yi ta gangarawa ba tsayawa. Guntun ne ya lalace ko na'urar karatu? Kuma gurbin ruwan, saye za mu yi ko ƙerawa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Ɓacewar karkarwa da gangarar layi matsaloli ne biyu daban, kowace da sanadinta, amma duk ruwa ne ya kawo su. A wannan sana'a guntun silikon shi ne mai sauƙi, ana sayensa a shirye. Ɗan gurbin da ruwa ke shiga ya fita, da tiyonsa da bawul ɗinsa da abin da ke tsare zafinsa, shi ke yanke hukuncin ko za ki samu sakamakon da za ki iya karewa gaban masu jarrabawa.

Irin guntun da kika kwatanta sananne ne: harsuna takwas a jere, kowane tsawonsa maikiromita 500, faɗinsa 100, kaurinsa 1, tsakanin wannan da wancan maikiromita 250. Asalinsa daga madubin AFM ne, mai ganin ƙananan abubuwa ta hanyar shafa su da ɗan tsini, wanda Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka fito da shi a 1986. A 1994 ne masu bincike a ɗakin gwajin IBM na Zurik da kuma na Oak Ridge a Amurka suka fara amfani da harshen shi kaɗai a matsayin sensa, ba tare da tsinin da ke shafar abu ba. Hanyoyin karanta shi biyu ne. Ko dai a sa shi karkarwa a lura da yadda yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ke raguwa idan nauyi ya hau kansa, ko kuma a bar shi tsaye a auna yadda yake lanƙwashewa idan ƙwayoyi suka kama fuskarsa ɗaya. Ke kin gwada duka biyun, kowace kuma ta nuna miki halinta.

Mu fara da karkarwar. Harshe mai wannan girman yana kaɗawa wajen kHz 4 zuwa 5 a iska, wato sau dubu 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ya kuma fi ta kauri sama da sau 50. Duk lokacin da harshen ya motsa sai ya ja ruwan da ke kewaye da shi, kuma idan kika yi lissafi za ki ga nauyin ruwan da yake ja ya ninka nauyinsa sama da sau 30. Shi ya sa kaɗawar ke faɗowa ƙasa da kHz 1. Wannan ma da sauƙi. Babbar asarar tana ga lambar Q, wadda ke nuna yadda tsinin karkarwar yake da kaifi a allo. A iska takan kai gomiya, a wasu harsunan ɗaruruwa. A ruwa takan faɗo tsakanin 1 da 5. Tsinin bai gudu ba, ya baje ne ya zama ɗan tudu mai faɗi, kuma mai yiwuwa kina nemansa a inda yake a iska alhali ya koma can ƙasa. John Sader na Jami'ar Melbon ya fitar da lissafin wannan tun 1998, kuma da shi za ki iya hasashen inda tudun zai sauka kafin ki zuba ko ɗigo.

Matsalar tudu mai faɗi ita ce ba a iya tantance tsakiyarsa da kyau. Antibodin da za su rufe fuskar harshen baki ɗaya nauyinsu bai kai nanogiram ɗaya ba, harshen da ruwan da yake ja kuwa sun kai maikirogiram da dama. Ƙari a kan haka, kaurin ruwa yana canzawa da zafi, kusan kashi biyu cikin ɗari a kowane digiri, ruwan jini kuma ya fi bafa kauri. Da zarar samfurin ya shigo, kaɗawar za ta sauka ko da babu ƙwayar da ta kama, ke kuma ki ɗauka kin yi kamu.

An bi hanyoyi don kauce wa wannan. Wasu suna tura harshen ya yi karkarwa a matakai na sama, na goma ko fiye, inda ruwan da yake ja ke raguwa, Q kuma ta ɗan farfaɗo zuwa gomiya. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Thomas Burg da Scott Manalis a MIT: tunda ruwa ne ke kashe karkarwa, sai suka haƙa siririyar hanya a cikin jikin harshen suka sa ruwan ya bi ta ciki, shi kuma harshen yana kaɗawa a wurin da aka zuƙe iska. A aikin da suka wallafa a 2007, Q ta kai 15,000, suka auna ƙwayar bakteriya ɗaya-ɗaya yayin da take wucewa, da iya bambance nauyin da bai kai femtogiram ɗaya ba. Sai dai hanyar faɗinta 'yan maikiromita ne, ƙaramin datti ya ishe ta toshewa, kuma ba abin da za ki ƙera cikin wa'adin digiri na biyu ba ne. Idan nauyi kawai kike son aunawa a ruwa, na'urar awon nauyi ta QCM ta fi araha da juriya. Faifan kwaz ne mai motsin gefe da gefe, don haka ruwan da yake ja bai wuce kaurin nanomita 250 ba a MHz 5. Bisa lissafin Sauerbrey na 1959, saukar Hz 1 daidai take da nanogiram 17.7 a kowace murabba'in santimita. Ki dai sani nauyin da take bayarwa ya haɗa da ruwan da ya maƙale a jikin furotin.

Da irin guntunki, shawarata ki bar karkarwa ki koma lanƙwasa. Siririn harshe mai laushi irin wannan don ita aka yi shi.

A nan ne layin da ke gangarawa ya shigo, kuma a nan zan daɗe. Abin da ke lanƙwasa harshen shi ne matsin da ke tasowa a fuskar da aka shafa wa zinariya idan ƙwayoyin da suka kama suka fara turereniya ko jan juna. Lissafin na Stoney ne, tun 1909, kuma abin riƙewa a ciki shi ne lanƙwasar tana tafiya da tsawo bisa kauri, a ninka shi da kansa. A rage kauri da rabi, sigina ta ninka huɗu. To nawa ce siginar? A aikin da Fritz da abokansa suka wallafa a mujallar Science a 2000, wanda ya buɗe wannan fanni, sun ga zaren DNA ya kama abokinsa a kan irin wannan guntu naki, har suka bambance kuskuren harafi ɗaya. Duk lanƙwasar da ake magana a kai wajen nanomita goma ce.

Yanzu dubi zafi. Zinariya tana buɗewa da zafi wajen kashi 14 cikin miliyan a kowane digiri, silikon kuwa 2.6. An manna su wuri ɗaya, don haka duk canjin zafi sai ya lanƙwasa harshen. Ki ɗauki zinariya mai kaurin nanomita 20 a kan harshenki ki yi lissafi: digiri ɗaya yana ba da lanƙwasa sama da nanomita 100. Kashi ɗaya cikin goma na digiri kenan ya isa ya haɗiye dukkan siginar da kike nema. Mu kuma a nan Saudiyya ɗakunan gwajinmu a hannun mukayyif suke, wato injin sanyaya ɗaki. Waje na iya haura digiri 40, ciki ana riƙe shi kusa da 22, injin yana tashi yana kwanciya. Ki bar na'urar tana karatu da bafa kaɗai, ki ajiye ma'aunin zafi kusa da gurbin. Za ki ga layin yana hawa da sauka kamar yadda injin ke kunnuwa da mutuwa, wani lokaci har buɗe ƙofa ko tsayuwar mutum kusa da teburin yakan fito a allo. Ita ma lezar da ke haska ƙarshen harshen tana ɗumama shi, shi ya sa ake kunna ta tun da wuri a bar ta.

Zafi ba shi kaɗai ba ne. Sabuwar zinariya idan ta shiga ruwan gishiri tana ɗaukar sa'o'i tana daidaitawa: ayon suna zama a fuskarta, shimfiɗar tayol, sinadarin da ke ɗaure abin kamu ga zinariya, tana gyara tsayuwa, bayan harshen da yake silikon tsirara yana sha'ani da ruwa ta nasa ɓangaren. Wannan shi ne gangaren da ke tafiya ɓangare ɗaya ba dawowa, kuma na fi zaton shi kika gani. Maganinsa haƙuri ne. A sa guntun a gurbi, a bar bafa tana gudana a hankali na sa'o'i, da yawa ma kwana ake bari ya yi. Sannan akwai ruɗin haske. Leza tana ratsa gilas ta ratsa ruwa ta dawo, kuma ruwan da ke ɗauke da furotin yana karya haske fiye da bafa zalla. Ɗigon hasken zai matsa a kan na'urar karɓa ko da harshen bai motsa ba ko kaɗan.

Duk waɗannan ne suka sa aka jera takwas. Ba a taɓa yarda da karatun harshe ɗaya. Wasu ake shafa wa abin kamu, wasu a bar su a matsayin shaida, sannan a cire karatun shaida daga na mai kamu. Zafi da gishiri da karyar haske sun shafi dukkansu daidai, sai su fita a ragin, abin da ya saura shi ne kamun gaskiya. Amma shaidar sai ta yi kama da mai kamu ta kowace fuska banda kamun kansa. Zinariya tsirara ba shaida ba ce, domin za ta zuƙi furotin fiye da kowa. Idan kin ɗora furotin na MERS a kan harsuna huɗu, sauran huɗun ki ɗora musu wani furotin mai kusan girmansa, da sinadaran ɗauri iri ɗaya, a rana ɗaya. Kuma ki cakuɗa su, wannan mai kamu, na kusa da shi shaida, domin ruwa ba ya isa bakin gurbi da ƙarshensa lokaci guda. Ana yin shafin ne da siraran bututan gilas da aka jera daidai da tazarar maikiromita 250, kowane harshe ya shiga nasa, ko da injin feshi mai sauke ɗigo-ɗigo. Bayan harshen kuma a rufe shi da PEG, sinadarin da ke hana furotin mannewa, in ba haka ba furotin zai kama ta ƙasa ya ja harshen ta kishiyar hanya.

Sai gurbin kansa. Abu na farko girmansa. Ana so ya zama ƙarami, maikirolita 'yan gomiya, ba tare da lungu ko kusurwar da ruwa zai kwanta ba. Dalili ba tsimin samfuri kaɗai ba ne. Sabon ruwa ba ya korar tsoho gaba ɗaya, cakuɗuwa suke yi, sai an tura ninkin girman gurbin sau da yawa kafin abin da ke ciki ya zama abin da kika zuba. A babban gurbi, lanƙwasar da kike gani tana tashi a hankali labarin cikar gurbin ne, ba labarin saurin kamu ba.

Tiyo ma haka, kuma shi mutane suka fi rainawa. Tiyo mai faɗin ciki rabin milimita yana ɗaukar kusan maikirolita 200 a kowace mita. Idan kina tura maikirolita 10 a minti, samfurinki zai yi minti 20 a hanya a tiyo mai tsawon mita ɗaya. A cikin siririn tiyo ruwan tsakiya ya fi na gefe sauri, saboda haka samfurin da ya shiga da kaifin baki zai iso a miƙe, gabansa a tsarme. A koma tiyo mai faɗin kwata na milimita, sai ɗaukarsa ta faɗo zuwa wajen maikirolita 50. Ki gajarta shi iya yadda za ki iya, ki sa bawul mai ƙofa shida irin na na'urar tantance sinadarai ta HPLC dab da gurbin, domin a sauya daga bafa zuwa samfuri ba tare da tsayar da gudu ba. Tsayar da gudu da sake tada shi kan girgiza harshen, ya bar tsalle a layi daidai wurin da kike son gani.

Abin turawa kuma, famfon sirinji yana tafiya ne taki-taki, kuma harshe mai laushi yana jin kowane taki, musamman da babbar sirinji a ƙaramin gudu. Ƙaramar sirinji ta gilas ta fi. Ni dai na fi son a ɗaga kwalbar bafa sama a bar ruwa ya gangaro da nauyinsa, a saita gudun da tsayin kwalbar. Ba ya da kyan gani a hoton takarda, amma layinsa ya fi kowane kwanciya.

Kumfar iska ita ce ke cin yinin mutum. Ruwan sanyi ya fi riƙe iska, don haka bafar da aka ciro daga firji a digiri 4 aka tura gurbi mai digiri 25 dole ta saki iska. Za ki leƙa ta kyamara ki ga ɗan ƙwallo mai sheƙi ya maƙale a gindin harshe na uku ko a ƙarƙashin gilas, ɗigon leza ya watse, layi ya yi sama ya fita daga allo. Wani lokacin idan kumfar ta wuce, jan fatar ruwa kan lanƙwasa harshen ya manne da jikin guntun, ko ya karye. Don haka a bar bafa ta kai zafin ɗaki, a tace ta da matacin maikiromita 0.22, a zuƙe mata iska kafin aiki. Ruwa ya shigo ta ƙasa ya fita ta sama. Cikon farko, kafin a saka guntun da aka shafa, a fara da ethanol domin ya jiƙa kowane lungu, sannan ruwa, sannan bafa mai yawa.

Kayan ƙira: robar PEEK ko Teflon ga jiki, gilas ga taga, zoben roba mai jure sinadari. PDMS, wani nau'in roba mai laushi, ya yi suna tun daga aikin ɗakin gwajin George Whitesides a Harvard a ƙarshen shekarun 1990, yana da araha da saurin zubi, amma iska tana ratsa shi, yana shan ƙananan ƙwayoyi masu gudun ruwa, furotin kuma yana manne masa. Ya yi kyau ga gwajin siffa, ban so shi ga awon ƙarshe ba. Gurbin ya zauna a kan dunƙulen jan ƙarfe ko alminiyom mai Peltier (farantin lantarki da ke ɗumamawa ko sanyayawa) a ƙasa, ma'aunin zafi a kusa da ruwan sosai, kuma ƙarshen tiyon shigowa ya naɗe jikin dunƙulen domin samfuri ya ɗauki zafin gurbi kafin ya iso. A rufe duka da akwati. Ki saita zafin sama da na ɗaki da digiri biyu ko uku, ya fi sauƙin riƙewa. Kada ki yi ƙasa da shi sosai: Jidda gari ne mai laima, ranar da mukayyif ya yi rauni raɓa za ta sauka a kan tagar ta ɓata hasken.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar leza, inda ake dasa waya mai canza tirjiyar lantarki a jikin harshen, fannin da rukunin Anja Boisen a Denmak ya yi aiki sosai a kai. Tana kawar da matsalar karyar haske, tana aiki ko a ruwa mai duhu kamar jini. Kuɗinta shi ne dole a rufe wayar ruf daga ruwan gishiri, rufin yana ƙara wa harshen tauri, wutar kuma tana ɗumama shi. Guntunki ba irin wannan ba ne, na ambata ne don ki sani.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne yadda ƙwayar za ta iso fuskar harshen. A wannan ƙanƙantar ruwa ba ya juyawa, yana tafiya ne shimfiɗa-shimfiɗa, kuma dab da fuska kusan a tsaye yake. Tazarar ƙarshe sai ƙwayar ta ratsa ta da yawonta na kanta. Antibodi yana buƙatar kamar minti biyu ya ratsa maikiromita 100. Milimita ɗaya kuwa sa'o'i uku ne ko fiye, domin lokacin yana tafiya da tazara ninki kanta. Gurbi mai zurfi da ruwa tsaye yana nufin mafi yawan samfurinki bai taɓa ganin harshen ba. Shi ya sa ake son rufin gurbi ya matso, ruwa kuma ya ci gaba da gudu a hankali. Squires da Messinger da Manalis sun yi wannan lissafin dalla-dalla a 2008, kuma abin da ya fito shi ne ƙanƙantar sensa ba kullum take riba ba: idan abin nema ya yi ƙaranci sosai, ƙaramar fuska za ta daɗe tana jira kafin ƙwaya ta faɗo mata. Duk takardar da ta yi iƙirarin kama abu mai tsananin ƙaranci cikin 'yan mintoci, ki gwada ta da wannan lissafin kafin ki sa ta a babin nazari.

Yanzu ruwan jinin raƙumi. Furotin a ruwan jini yakan kai miligiram 60 zuwa 70 a mililita. A ɗauka antibodin da kike nema maikirogiram 1 ne a mililita, kin ga ƙwayar gero ɗaya ce cikin mudun shinkafa, kuma kowace ƙwayar shinkafar tana son ta zauna a kan zinariyarki. Kada ki fara da shi zalla. Ki tsarma shi sau ɗari a cikin bafar da ke gudana, domin gishiri da pH su zama ɗaya, ki ƙara furotin BSA da ɗan sabulun Tween 20, masu rage mannewar banza, a duka biyun. Kin yi sa'a ta wani ɓangaren: tun bayan gano cutar a Jidda a 2012, bincike ya nuna mafi yawan manyan raƙuman yankin nan suna ɗauke da antibodinta, sau da yawa da ƙarfi, don haka tsarmawa ba za ta kashe siginar ba. Wahalarki za ta kasance samun ruwan jinin da ba shi da su don kwatance. Raƙuman Ostireliya da aka gwada ba a same su da su ba. A nan gida sai dai a tantance ƙananan raƙuma da ELISA, gwajin da aka saba gano antibodi da shi, a zaɓo. Batun izini da matakan kariya kuma ki warware shi da kwamitin jami'arku kafin samfuri ya shigo ɗaki, ko da an ɗumama shi a digiri 56.

Tunda raƙumi muke magana: a 1993 masu bincike a Burasels suka gano cewa dangin raƙumi suna da wani nau'in antibodi marar ƙaramar sarƙa. Kan wannan antibodi shi ake yankowa a kira nanobodi, nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na antibodin da aka saba. Ga mai aikin lanƙwasa wannan abin so ne, domin gwargwadon kusancin kamu da fuskar zinariya, gwargwadon yadda matsin ke isa ga harshen. Idan wata rana kuka juya aikin zuwa kama furotin na ƙwayar cutar kanta, ki tuna da shi.

Ki kuma sani lanƙwasa ba sikeli ba ce. Ba ta tafiya kai tsaye da yawan abin da ya kama. Ta dogara da cunkoson abin kamu a fuska, da gishiri, da cajin ƙwayoyin, har alkiblarta kan iya juyawa idan aka canza ƙarfin gishiri. A aikin da aka yi a Landan a 2008 kan maganin bankomaisin, an ga matsin ba ya bayyana sosai sai wuraren kamu sun yi yawan da za su haɗu da juna a faɗin fuskar. Ma'ana harshe na iya kama abu ya yi shiru. Don haka kowane rukunin guntu yana buƙatar nasa awon daidaitawa, kuma samfuri ɗaya a gwada shi da ELISA a gefe.

Kafin ki taɓa ruwan jini, akwai gwaje-gwajen da za su gaya miki ko gurbin ya cancanta. Ki ɗaga zafi da digiri ɗaya na ɗan lokaci ki sauke: harsuna takwas ɗin su tafi tare su dawo tare, wanda ya bambanta sosai ki cire shi daga lissafi, ragowar kuma ki daidaita karatunsu da wannan amsar. Ki juya bawul daga bafa zuwa bafa ɗin dai: ragin ya zauna shiru. In ya yi tsalle, matsalar famfo ce ko zafi, kuma duk abin da za ki auna bayan haka ƙarya ne. Ki cika madaukin tiyon da ke riƙe samfuri a jikin bawul da ruwa mai launi ki kalli yadda yake shiga da fita, za ki ga lungunan da yake kwanciya da idonki, ki kuma san minti nawa samfuri ke yi a hanya. Daga nan ki gwada kamun da kowa ya san yana aiki, bayotin da sitireftabidin, sai antibodi tsarkakakke a bafa, sai a ƙarshe ruwan jini.

Saye ko ƙerawa? Idan na'urar karatunku ta kamfani ce kuma tana da gurbinta, ku saya, domin kusurwar taga da mazaunin guntu an yi su ne daidai da hanyar lezar. Amma ku nemi a rubuta muku girman gurbin, da iyakar yadda yake riƙe zafi, da kayan da ke taɓa ruwa, ku kuma yi odar zoben roba da tagar gilas na ajiya tun farko, don jiran ƙaramin kaya daga Turai kan cinye makonni. Idan ku kuka haɗa na'urar, ƙerawa ta fi: gurbin PEEK aikin ɗakin injin jami'a ne, Peltier da abin sarrafa shi ba su da tsada. Shafin zinariya ne ke buƙatar ɗaki mai tsabta, kuma ana so a shafa a yi amfani da shi da wuri, domin zinariya tana kwasar datti daga iska. Jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da ku, tana da irin waɗannan ɗakuna. Malaminku ya bincika hanyar da masu zuwa daga waje ke bi.

Game da aikin kansa, gaskiya ita ce wajen gano antibodi a jinin raƙumi kantiliba ba za ta doke ELISA a araha ko yawan samfuri ba, kuma kada ki rubuta cewa za ta yi. An nuna tun 2001 a Bakli da ke Amurka cewa tana kama PSA, furotin da ake aunawa a jinin maza don binciken kansar furostet, a ma'aunin da likitoci ke buƙata, duk da haka asibitoci ba su koma kanta ba, kuma dalilin shi ne duk abin da na lissafa miki a sama. Inda take da abin da wasu ba su da shi shi ne inda motsi ko ƙarfi ne labarin. A 2013 wani rukuni a Lozan ya manna bakteriya masu rai a kan harshe, ya ga yana rawa saboda aikin da suke yi a jikinsu, rawar kuma ta lafa cikin ƙasa da awa ɗaya da zuba maganin da ke kashe su, alhali shuka bakteriyar a faranti kan ɗauki kwana ko biyu. A ƙasar da ke karɓar alhazai sama da miliyan ɗaya da rabi a mako guda, saurin sanin wane magani ke aiki ba ƙaramin abu ba ne, kuma gurbin da za ki gina yanzu shi ne dai wannan aikin ke buƙata. Ki shawarci malaminku ya amince rabin kundinki ya zama gina gurbin da tabbatar da shi, raƙuma su zama gwajin da ke nuna yana aiki.

Idan kin yi awon bafa kaɗai na dare guda, ki turo mini layukan harsuna takwas ɗin kowane daban, ba ragin ba, tare da layin zafi a kan lokaci ɗaya, da tsawo da faɗin tiyon da ke tsakanin bawul da gurbi. Daga su za a gane kaso nawa na gangaren na mukayyif ne, nawa na zinariya.